Baƙon Zaure da Makullin Rumbu

Bayan girbin bara na je gida, wani ƙauye da ke tsakanin Bichi da Dambatta. Ban gama gaisawa da mutanen gida ba kawuna ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Ɗana, kai da ka san kan abin nan, duba mini ita. Kati na sa da safe, kafin azahar babu ko sisi, kuma ban kira kowa ba." Na karɓa na duba. Akwai manhajoji uku da ya rantse bai san su ba. Na goge su, sannan na wanke wayar gaba ɗaya, na mayar da ita yadda ta fito daga kwali. Bayan kwana biyu biyu daga cikinsu suka dawo da kansu. Da na shiga sashen bayanan waya na nemi ranar da aka yi mata facin tsaro na ƙarshe, sai na tarar an haura shekara biyar.

Wani malamin makaranta da ke zaune tare da mu ya yanke hukunci nan take: "Ai Alhaji ne da sakaci, kowa ya zo sai ya ba shi waya." Wannan hukuncin ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin shi ne hukuncin da mu 'yan boko muke yankewa kullum. Shi ake ji a sanarwar rediyo, shi bankuna suke turo mana: kada ka ba kowa lambar sirrinka, kada ka danna saƙon da ba ka san mai shi ba. Nasiha ce mai kyau, kuma ba zan musa cewa yawancin satar da ake yi wa mutanenmu ta hanyar daɗin baki ake yin ta ba, ko ta sace layin waya. Sai dai akwai wani nau'in ɓaraka da nasihar nan ba ta taɓa ko gefensa. Idan aka shigo ta nan, mai waya yana iya kiyaye duk abin da aka ce ya kiyaye, a kuma yashe shi. Waɗanda ke da ikon toshe ɓarakar sun san da ita, kuma sun fi son a ci gaba da zancen sakacin Alhaji.

Kowace waya da kowace kwamfuta tana da babbar manhaja mai tafiyar da ita, ko Android, ko Windows, ko Linux, ko iOS. Tsarinta bai da nisa da tsarin gidan Bahaushe. Baƙo yana da tabarma a zaure, a kawo masa ruwa da abinci, amma iyakarsa ke nan. Ɗan gida yana shiga tsakar gida. Turaka da makullin rumbu kuwa na maigida ne. A Android, duk manhajar da ka saka baƙuwa ce: ana ba ta ɗan ɗakinta, ba ta ganin abin da ke ɗakin wata, kuma in tana son kamara ko saƙonni sai ta nemi izini. Maigidan shi ne zuciyar babbar manhaja, wadda masana ke kira kanel, kuma matsayin da ke da cikakken iko a kan komai ana ce masa rut. Abin da nake kira haura katangar izini shi ne baƙon da aka shimfiɗa wa tabarma a zaure ya sami wata tsaga a gini, ya bi ta nan, ya wayi gari da makullin rumbu a hannunsa ba tare da kowa ya ba shi ba. Daga wannan lokaci yana iya karanta saƙon da banki ya turo da lambar tabbatarwa, ya ga abin da kake dannawa, ya yi maka rajistar biyan kuɗi ga hidimar da ba ka nema ba, ya kuma kafa kansa a ginshiƙin gidan ta yadda wankin waya ba zai fitar da shi ba.

Tun 1975 wasu masana biyu a Amurka, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, suka rubuta ƙa'idar da har yau ita ce tushen wannan fanni: kada a ba kowane mutum ko manhaja iko fiye da abin da aikinsa yake buƙata. Ƙa'idar tana da sauƙin faɗa. Wahalar ita ce kanel gini ne na miliyoyin layukan rubutu, mutane ne suka rubuta, kuma duk ginin da ya kai wannan girma ba ya rasa tsaga.

Ɗauki wadda aka fallasa a watan Oktoba na 2016, aka laƙaba mata suna Dirty COW. A Linux, wanda a kansa aka gina Android, akwai fayilolin da ƙaramar manhaja za ta iya karantawa amma ba ta da izinin canzawa. In ta nemi yin rubutu a ciki, sai a yi mata kwafi, ta yi rubutunta a kwafin, na asalin yana nan. Ka ƙaddara magatakarda ne da littafin rajistar gonaki: kowa na iya dubawa, amma mai son yin rubutu sai a miƙa masa kwafi. Abin da aka gano shi ne in ka riƙa neman kwafi kana mayarwa da tsananin sauri, sau dubbai cikin ƙiftawar ido, akwai lokacin da magatakarda zai rikice, alƙalaminka ya sauka a kan littafin asali. Wanda ya iya rubutu a littafin asali kuwa yana iya rubuta sunansa a matsayin maigida. Wannan tsagar ta kai kimanin shekara tara a buɗe kafin a ankara. Linus Torvalds da kansa, wanda ya fara rubuta Linux, ya amsa cewa ya taɓa ƙoƙarin gyara ta shekara goma sha ɗaya kafin nan, gyaran bai ɗore ba. An fitar da faci cikin kwanaki. A 2017 kamfanin Trend Micro ya gano wata muguwar manhaja mai suna ZNIU tana amfani da wannan tsaga a wayoyin Android, kuma tana samun shiga, saboda facin da aka yi a sama bai sauko kan wayoyin mutane ba.

A nan ne matsalar take, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya. Facin tsaro tafiya yake yi mai zango-zango. Masu kula da Linux su gyara, Google ya ɗauka ya sa a Android, kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwar wayar ya daidaita shi da nasa kayan, sannan kamfanin da sunansa ke jikin wayar ya haɗa, ya gwada, ya tura. Kowane zango kuɗi ne da ma'aikata. Waya mai tsada tana da ribar da za ta ɗauki wannan nauyi, shi ya sa Google a 2023 da Samsung a 2024 suka yi wa manyan wayoyinsu alkawarin shekara bakwai na sabuntawa. Waya mai araha kuwa sau da yawa daga ranar da aka sayar da ita an gama da ita, ko a tura mata faci na shekara ɗaya ko biyu a yi shiru. Tun daga Android 10, wanda ya fito a 2019, Google na iya gyara wasu sassa kai tsaye ta Play Store, amma kanel da manhajojin da ke magana da ƙwaƙwalwar waya suna nan a hannun mai ƙera ta.

Misalin da ya fi kusa da aljihunmu shi ne na MediaTek, kamfanin Taiwan da ƙwaƙwalwarsa ke cikin ɗimbin wayoyi masu sauƙin kuɗi da ake sayarwa a Farm Centre da titin Beirut a Kano. A 2019 wani mai sha'awar kwance na'urori ya gano tsaga a cikin manhajar da ke sarrafa da yawa daga cikin waɗannan ƙwaƙwale, wadda ke ba kowace ƙaramar manhaja matsayin rut cikin daƙiƙa. Aka sa mata suna MediaTek-su, ta zauna a intanet kowa na ɗauka. Kamfanin ya ce ya ba masu ƙera wayoyi faci tun cikin shekarar. Da yawansu ba su tura wa kowa ba. Sai a watan Maris na 2020 Google ya sa ta cikin sanarwarsa ta tsaro ta wata-wata, bayan an riga an kama manhajoji a Play Store suna amfani da ita. Duk wayar da ke ɗauke da waɗancan ƙwaƙwale wadda facinta na ƙarshe ya tsaya kafin gyaran, a buɗe take har yau, kuma za ta zauna a buɗe har ranar da za a jefa ta a bola.

Wani lokaci ma ɓarawon ba ya buƙatar haurawa, a cikin kwali yake zuwa. Kamfanin Kaspersky ya fara bayyana wata muguwar manhaja mai suna Triada a 2016, wadda ke ƙwace matsayin rut ta shige cikin sashen da ke haifar da duk sauran manhajojin Android. A 2019 Google ya tabbatar da cewa an riƙa cusa ta a wasu wayoyi tun a masana'anta, ta hannun 'yan kwangilar da ke rubuta wa masu ƙera waya wasu sassa. A watan Agusta na 2020 kamfanin Upstream ya ba da rahoton samun Triada da abokiyar tafiyarta xHelper a kan wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 a ƙasashe irin su Habasha, Masar, Gana, Kamaru da Afirka ta Kudu, suna cinye data suna yi wa mutane rajistar biyan kuɗi a ɓoye. Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya ce ta hannun wani mai kawo masa kaya abin ya shigo, kuma ya fitar da gyara. A yi wa kamfanin adalci: shi ya kawo wa talakan Afirka waya mai layi biyu da batir mai daɗewa a farashin da zai iya saya, har da harshen Hausa a ciki, a lokacin da manyan kamfanoni ba su ɗauke mu kasuwa ba. Amma wanda ya sayi irin waccan waya sabuwa fil, ya ɓare ledarta da hannunsa, wane sakaci za a ce ya yi?

Da shekara goma da suka wuce ne, da na ce asarar ba ta wuce katin ɗari biyu ba. Yanzu lamarin ya sauya. Ƙasar nan ta arewacin Kano, daga Ungogo da Minjibir zuwa Dawakin Tofa, Bichi, Makoɗa, Kunchi da Tsanyawa, gida ne bayan gida, gona bayan gona, ba a barin ko taku ɗaya ya huta. Irin wannan cunkoso ne Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazari: ƙananan gonaki da ake nomawa kowace shekara da ƙarfin taki, kuma kusan kowane manomi yana da wata sana'a ko fatauci a gefe. Mutane ne masu hada-hada. Da Babban Bankin Najeriya ya canza fasalin naira, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo a farkon 2023, wannan hada-hadar ta koma waya da ƙarfin tsiya. Dattijon da bai taɓa taka ƙofar banki ba ya buɗe asusu a hannun mai POS na bakin kasuwa. Kuɗin gero da wake da riɗi da aka kai Dawanau ta waya suke dawowa. Kuɗin da ɗa ya aiko daga Legas ko Fatakwal ta waya suke sauka. Abin da a da ake ajiyewa a rumbu, ko a mayar da shi tunkiya a turke, yau yana zaune ne a bayan wata babbar manhaja da mai ita ya daina duba lafiyarta tun kafin a buɗe asusun.

Hanyar da baƙon ke bi ya iso zaure ma mun san ta. Data na da tsada, sadarwa na da rauni, don haka ba daga Play Store ake ɗauko manhaja ba. Ana kai waya shagon mai caji ko mai tura fina-finai, ya zuba mata abin da yake da shi ta Xender. Cikin abin da aka fi nema akwai jabun WhatsApp mai ƙarin kwalliya. A 2021 Kaspersky ya sami Triada a cikin ɗaya daga cikinsu, FMWhatsApp, a 2022 kuma a cikin YoWhatsApp. Ga kuma masu gyaran waya da ke fasa ta su ba ta rut da gangan don cire kulle ko goge manhajojin kamfani, su mayar wa mai ita ba tare da sun gaya masa sun cire ƙyauren turaka ba.

Kada mu 'yan birni mu yi dariya, namu ya fi muni. Na shiga ofishin wata hukuma a yankin nan inda kwamfuta ɗaya ke riƙe da bayanan mutane masu yawa. Kowa da asusun shugaba yake shiga, daga babban jami'i har ɗan hidimar ƙasa, kalmar sirrin tana manne a jikin bango. Windows ɗin na sata ne, kuma kafin a fasa shi sai da aka kashe rigakafi aka kashe sabuntawa, don kada asiri ya tonu. A irin wannan wuri ɓarawo ba ya buƙatar wata tsaga, filashi ɗaya mai cuta ya isa. Ko a inda aka yi abin da ya dace, tsagogin ba sa ƙarewa: a 2021 an sami PrintNightmare a sashen da ke kula da firinta a Windows, wadda ke ɗaga ƙaramin ma'aikaci zuwa cikakken iko, a Janairun 2022 kamfanin Qualys ya fallasa PwnKit a Linux, wadda ta kwana a ciki tun 2009. Bambancin shi ne waɗannan an yi musu faci, kuma na'urar da ke karɓar faci ta warke. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025. Mai karatu ya ƙirga kwamfutocin ofishinsa da kansa.

Za a ce mini talaka ba zai iya sayen waya mai alkawarin shekara bakwai ba, kuma in aka matsa wa kamfanoni farashi zai tashi. Akwai gaskiya a ciki. Amma abin da nake nema da farko bai kai nan ba. Tun 29 ga Afrilun 2024 dokar Birtaniya ta wajabta wa mai ƙera na'ura mai hawa intanet ya bayyana tsawon lokacin da zai riƙa tura mata facin tsaro. Tarayyar Turai ta wuce nan: daga 20 ga Yunin 2025, sabuwar wayar da za a shigar kasuwarta dole a riƙa sabunta babbar manhajarta aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin. A Najeriya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ke tantance samfurin waya kafin a halatta sayar da shi. Ke nan ƙofar tana hannunta. Me ya hana ta gindaya sharaɗin a rubuta a jikin kwali, da manyan baƙaƙe, ranar da facin wannan waya zai ƙare? Muna duba ranar lalacewa a jikin maganin tari da gwangwanin madara, NAFDAC ta koya mana. Rubuta kwanan wata ba ya ƙara wa waya ko naira ɗaya. Abin da zai yi shi ne ya bar mai saye ya kwatanta, ya kuma sa dillalin Farm Centre ya fara jin tambayar da ba a taɓa yi masa ba.

Hukumomin da ke sayen ƙananan kwamfutocin hannu da yawa don ma'aikatan lafiya da malaman gona su ma ba su da uzuri. Wanda ke sayen dubu yana da bakin da zai ce a sa shekarun faci cikin kwangila. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin kare su, har ta ce a sanar da hukuma cikin sa'o'i 72 idan aka yi kutse mai haɗari. Ofishin da kowa ke shiga da asusun shugaba ba zai ma san an yi kutsen ba, balle ya ƙirga sa'o'i. Bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya kuwa, da yawan manhajojinsu na ƙin buɗewa a wayar da aka yi wa rut, ke nan suna iya gane lafiyar wayar da ke magana da su. In haka ne, suna iya gaya wa mai asusu da Hausa cewa wayarsa ta tsufa, su rage yawan kuɗin da za a iya fitarwa ta cikinta a rana, maimakon su yi shiru sai an kwashe kuɗin su ce ai da lambarsa aka shiga.

Saura mu. Kusan kowane mai karanta wannan shi ne injiniyan danginsa ko ya so ko bai so ba, kuma mu ne babbar hanyar da matattun wayoyi ke bi su isa ƙauye. Ka sayi sabuwa, ka aika wa Baba tsohuwar a matsayin alheri, ka kuma saka masa manhajar banki a ciki da hannunka. Kafin ka yi haka, shiga bayanan waya ka duba ranar facin tsaro, aikin minti ɗaya ne. In ta haura shekara biyu, wayar ta kira ce da sauraron karatu, kada kuɗi su bi ta cikinta. Ga dattijon da ba ya buƙatar komai sai karɓa da turawa, ƙaramar waya mai madannai da layin da aka sa wa lambar kulle ta fi babbar da ba ta da faci aminci. In ka je gida da data, sabunta wayoyin gidan kafin ka tashi. Ka goge jabun WhatsApp, ka rufe izinin saka manhaja daga waje, ka duba ko akwai manhajar da aka ba izinin nan na taimaka wa masu larurar gani, domin wannan izini kusan makullin rumbu ne da muke miƙawa da kanmu. A ofis kuma ka buɗe wa kowa ƙaramin asusunsa, har da kai, a ajiye na shugaba sai ranar da za a saka sabuwar manhaja. Za a yi ƙorafi mako guda, a saba.

Kawu dai na saya masa wata, na zauna na sabunta ta, na mayar da asusunsa kanta, na kuma roƙe shi kada ya kai ta wurin mai tura fina-finai. Tsohuwar na ce ya ajiye ta a akwati. Da na koma da ƙaramar Sallah na tambaye shi ina take, sai ya ce ai abin da ke aiki ba a ajiye shi ya lalace, ya ba Inna. Inna kuwa ita ce uwar adashin matan unguwar, kuma jikanta ya riga ya buɗe mata asusu a ciki.